Injin Yaya da Maganar Kuran

A gidanmu na Icirnawa ba a taɓa yin gardama kan ƙarfe ba sai bana. Yayana yana da ɗan shagon buga rubutu a jikin riguna a Matamai, mai aikin hannu: firam, raga, tawada, da roba ta jan tawada. Riga ɗaya-ɗaya, launi ɗaya-ɗaya. Ni ma a nan nake samun kuɗin motar komawa jami'a a Damagaram, in an yi hutu.

To, ya ga bidiyo a Facebook, injin nan mai juyi kamar lilo, wanda yake buga riguna ɗaruruwa cikin awa guda. Tun ranar ba shi da zance sai M&R na Amurka ko ROQ na Fotugal, ko na Sin mai sauƙin kuɗi. Har ya fara yi wa Baba maganar sayar da shanun huɗa.

Ni dai ban goyi baya ba, kuma ba don tsoron rasa aikina kaɗai ba (ko da yake, gaskiya, akwai wannan ma). Injin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yawancinsu da iska suke aiki, sai an haɗa da kwamfireso. Sannan tawadar da ake kira plastisol ba ta kama riga sai ta sha zafi wajen digiri 160, ke nan sai an sayi tandar busarwa mai bel, ita kuma cin kuran take kamar ba gobe. Wane kuran? Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa. Kowa ya tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke ta, ba ta dawo ba sai cikin 2024. A lokacin mai firam ɗin hannu ya ci gaba da aiki, tunda rana ce take gasa masa zane a jikin raga.

Sai kuma babbar tambaya: wa zai kawo aikin? Abin da muke samu, rigunan ƴan ƙwallon unguwa, na ƴan makaranta, na biki, sai ɗan motsi wajen 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, da 3 ga Agusta. Odar riga talatin, kafin ka daidaita injin mai kawuna takwas, mai hannu ya gama ya ninke. Kamfen ne yake kawo dubbai, ga shi an rusa jam'iyyu tun 2025. Ko ɗan bawul ya lalace, sai Kano ta Dan Barto da Daura, in iyaka a buɗe take.

Na ce masa, Yaya, sayi na hannu mai launi huɗu, da ƙaramin abin busarwa, a bar shanun nan su yi huɗar damina. Ya yi shiru, sannan ya ce in fara lissafa masa rigunan da muka buga bara. Littafin shagon yana jakata yanzu, na kai watan biyar.