Hanyar Mirya ranar Lahadi

A wannan wata zan ba ku labarin wata hanya da na sani tun ina yaro. Ba ta da tsawo. Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne, ta gabas, bisa babbar hanyar da ke wucewa Gure da Difa.

Mahaifina direba ne. Yana da tsohuwar Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce ma kat-san-kat. Ranar Lahadi kasuwar Mirya ke ci. Da safe sai ya kai ƴan kasuwa, ya komo gida. Bayan azahar kuma ya koma ɗauko su. Tun da motar wofi za ta tafi, sai ya ce: "Ku hau, ku je ku gaida kakarku." Ba shan iska muke zuwa ba irin na ma'aikata. Wuri ne ya samu, muka shiga.

Inna tana gaba da jariri. Mu biyar muna baya bisa tabarma. Sau da yawa sai mun tura motar kafin ta tashi, ƴan unguwa suna yi mana dariya. Ba mu damu ba, tun da su a ƙasa za mu bar su.

In mun bar manyan duwatsun gari, sai gonaki. Da damina gero ne dama da hagu. Da rani sai kara, da shanu suna kiwo cikinsa. In ka fara hangen kukoki da duhun lambuna, to ka iso Mirya. Garin ya yi suna wajen ginin tukwane. Kaka takan ba mu fura, mu ruga kasuwa kallon tuluna da randuna. Wajen komowa bisa buhuna muke zama, kowa an ɗora masa tulun wani a cinya. Wanda ya bari ya fashe, ya san sauran.

A gefen hanya akwai fararen duwatsu da aka kafa, da sunan gari da lamba a jikinsu. A shekarar 1999 ina aji uku a lakwal. Baba yakan rage gudu, ya leƙo da kai ya ce: "Kai ɗan lakwal, me aka rubuta?" Sai in karanta da ƙarfi. Shi ya san hanyar fiye da kowa. Ya san kowane rami da kowace kuka. Amma bai san baƙi ko ɗaya ba.

Wata Lahadi aka tsaida mu a shinge don duban takardu. Baba ya miƙa su duka a dunƙule, don bai san wace ce wace ba. Mai dubawa ya ce takardar inshora ta mutu tun watan jiya. Baba ya rantse bai sani ba, kuma gaskiyarsa ce. Amma ga kwanan wata a rubuce. Aka riƙe motar. Muka zauna gindin itace har magariba. Ƴan kasuwa suka gaji da jira a Mirya, suka shiga wata mota. Wasunsu ba su sake shiga tamu ba. Ga tara, ga asarar mutanen da ya yi shekaru yana ɗauka.

Da dare ya kira ni. Ya ajiye takardun gaban fitila, ya ce: "Daga yau kai ne idona." Tun daga ranar, kowace Lahadi kafin mu tashi sai na duba kwanan watan kowace takarda na faɗa masa. Ni ina jin daɗi a lokacin. Sai da na girma na gane nauyin da ya ji, babba da shi yana tambayar yaro.

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. A 2005 hatsi ya yi tsada ƙwarai. Baba ya saida motar ya sayi gero, zuwa Mirya ya ƙare.

Takardar nan ta inshora tana hannuna har yau. Nakan kai ta ajinmu na karatun manya, in miƙa ma ɗalibai, in ce su nemo mini ranar da ta mutu.