Lungu Ne Ke Zaɓen Inji

Mu Hausawa duk wani ƙarfe mai haƙa ƙasa ko tura ta, suna ɗaya muke kiransa da shi, wato katafila. Sunan wani kamfani ne na Amurka, Caterpillar, wanda aka kafa a 1925, muka ara muka yafa wa dangin baki ɗaya. Sunan nan kuwa yana ɓoye bambanci mai yawa, domin akwai mai tura ƙasa, akwai mai kwasa, akwai mai haƙa, kuma ko a cikin masu haƙar akwai wanda sai tirela ta ɗauko shi, akwai wanda zai shige ta ƙofar gida. Wanda bai san wannan ba, in ya tashi saye girma zai bi.

Ni dai malamin makaranta ne, alli da allo na sani. Abin da ya jefa ni cikin wannan harka shi ne autanmu, wanda ya daɗe yana ƙananan kwangiloli a Kano: haƙa harsashin gida, ramin shadda, lambatu da ramin bututun ruwa. Jarinsa duka bai wuce diga da shebur da kwanon sarki da lebura shida ba. Da aka sayar da gonar mahaifinmu aka raba gado, sai ya ƙudurta zai zuba kasonsa a inji, ya kuma nemi in ƙara masa da nawa. Kuɗin gado ba ya zuwa sau biyu, ga shi tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka na ce masa ba za a taɓa ko kwabo ba sai mun zauna mun yi lissafi.

Injuna uku ne a gabanmu. Na farko shi ne mai kama da tarakta, cebur babba a gaba, hannun haƙa a baya, wanda Joseph Cyril Bamford ya fito da shi a Ingila a 1953, har haruffan sunansa, JCB, suka zama sunan injin. Yana tafiya da tayoyinsa a kan titi, yana haƙa ramin da ya zarce mita 4, amma faɗinsa ya haura mita 2. Na biyu shi ne ɗan dunƙulen nan da aka fi sani da Bobcat, gwanin kwasar ƙasa da baza ta, sai dai ba ya nutsawa ƙasa sai an ɗaura masa hannu na daban. Na uku shi ne ƙaramin injin haƙa mai tafiya a kan sarƙa, wanda Japanawa suka raya: kamfanin Yanmar ya yi nasa a 1968, na Takeuchi kuma ya fito da mai juyawa ta kowace fuska a 1971. Irin wannan yana farawa daga abin da bai kai tan 1 ba zuwa wajen tan 6.

Zuciyar ɗan'uwana tana kan na farkon. Ya ce mini, "Yaya, masu ba da aiki in suka ga babban ƙarfe sun fi yarda da mutum." Na ce, "Auta, gaskiyarka, amma faɗa mini, a ayyuka goman da ka yi na baya, nawa ne wannan ƙarfen zai iya kaiwa bakinsu?" Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu. Yawancin aikinsa a unguwannin awon igiya yake, inda aka yanka filaye ba tare da an bar wa hanya haƙƙinta ba, ga turakun lantarki, ga dakali, ga kwata a tsakiya. Injin da ba zai shiga lungu ba, komai kyansa, a bakin titi zai kwana.

Bayan lungu sai ƙasa. A wurare da dama saman ƙasar rairayi ne mai sauƙi, amma da an nutsa sai a iske marmara. Injin tan ɗaya da rabi, wanda faɗinsa bai wuce mita 1 da 'yan kai ba, yana shiga kusan ko'ina, sai dai haƙarsa ba ta zarce mita 2 da kaɗan, kuma in ya ci karo da marmara jikinsa ne ke ɗagawa maimakon ƙasar. Mai tan 3 kuwa faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi ne, yana kusantar zurfin mita 3, yana da nauyin da zai danne, kuma ana iya ɗaura masa guduma mai fasa dutse. Ƙarami sosai ya ci lungu ya faɗi a marmara, babba ya ci marmara ya faɗi a lungu.

Abu na uku shi ne gyara, kuma a nan ne masu sabon jini suka fi ƙonewa. Akwai injuna masu araha da fenti mai ɗaukar ido, amma ranar da famfon mai ya tsaya sai a zagaye Ƙofar Ruwa ba a sami madadinsa ba. Araha ba ta ado. Kafin mu ga mai sayarwa, bakanike muka fara gani, muka tambaye shi waɗanne ya saba buɗewa, kuma kayan waɗanne ake samu a kasuwa. Shi ne ya koya mana duba na hannu: a tayar da shi da sanyin safiya a kalli hayaƙinsa, a girgiza hannun a ji ko mahaɗansa sun saki, a leƙa ƙarƙashi don yoyon mai, a duba cin da sarƙa ta yi, kada kuma a dogara da agogon awoyin aiki, domin ana iya sauya shi. Ya ƙara da cewa ƙurar hunturu da gurɓataccen man gas sun fi aiki kashe inji.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da sana'ata. Inji ko yana aiki ko yana kwance, yana cin albashin direba, yana cin kuɗin gadi, yana kuma tsufa. Bugu da ƙari, mai sarƙa tafiyarsa ba ta fi ta mai tafiya a ƙasa ba, don haka duk aiki sai an biya motar da za ta kai shi ta dawo da shi. Na ba ɗan'uwana littafin rubutu irin na ɗalibaina, muka yi yarjejeniya zai yi rani guda yana hayar inji, yana rubuta faɗin hanya, zurfin rami, kwanakin aiki da abin da ya rage a aljihu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da damina ta kawo kai littafin ya yanke hukunci da kansa, aka sayi na hannu mai tan 3, ƙirar Japan, aka kuma ware wani kaso na kuɗin don ranar gyara.

Akwai abin da littafin bai ɗauka ba, wato leburorin nan shida. Dattijon cikinsu ya tare ni ya ce, "Malam, ashe ƙarfe zai raba mu da abincinmu?" Ban ɓoye masa ba, aikin diga zai ragu. Biyu daga cikinsu sun koma gini, ɗaya yana koyon tuƙin injin, sauran suna nan, domin inji ba ya daidaita bakin rami, ba ya lallaɓa bututun da aka binne, kuma lungunan cikin birni har yau na diga ne. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne, ramin da ya fi tsawon mutum a ƙasa mai rairayi yakan rufta, musamman da damina, yanzu kuwa hannun ƙarfe ne ke sauka can ƙasa a madadinsu.

Don haka, ya kai mai niyyar sayen irin wannan inji, kafin ka je wurin dillali ka ɗauki igiyar awo ka auna lungunan da kake aiki, ka tona ƙasarsu ka ga abin da ke ciki, ka sha shayi da bakanike, sannan ka ƙirga kwanakin da kake da tabbacin aiki a shekara. In kwanakin ba su cika ba, haya ba abin kunya ba ce.