Hirar Dare a Waga 2000

A Zangwetan muka tashi, tsohon zangon Hausawa na Wagadugu. Bayan sallar lisha a zaure ake karanta mana Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littafi na ɗaya har na uku, dattawa na ta gardama kan wayon aku da makircin waziri.

A 2003 aka rushe unguwar, aka ba jama'a filaye a Waga 2000. Da muka kai ziyara, mutum biyar muka tarar gindin darbejiya da littafin, ya sha ɗinki. Yara kuwa Faransanci da Mosanci suka fi ji.

Wani tsoho ya ce, "Malam, ku turo mana ɗalibanku." Mun yi alkawari. Allah ya ba mu ikon cikawa.