Mu Leƙa Kuba, Gidan Autan Tsuntsaye

'Yan makaranta, a wannan makon tafiyarmu ta kai mu tsibirin Kuba. Daga Habana, babban birnin ƙasar, sai mu nufi kudu maso gabas, zuwa fadamar Zapata a lardin Matanzas. Nan za mu tarar da tsuntsun da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya. Mutanen wurin suna kiransa zunzuncito, masana kuma Mellisuga helenae.

Tsawonsa santimita 5 zuwa 6 ne, nauyinsa kusan giram 2, ƙwansa kuwa kamar ƙwayar wake. Danginsa, wato Trochilidae, sun haura iri 300, kuma duk a nahiyar Amurka suke. Ƙananan tsuntsayen da muke gani suna shan ruwan fure a nan gida, danginsu daban.

Kurmi da bakin daji mai yawan furanni ne mazauninsa. In yunwa ta taso, sai ya tsaya cak a iska, ya zura baki cikin fure. Amma sare daji don noma ya rage masa wurin zama, ga shi ba a samunsa ko'ina sai Kuba. In ya ƙare a can, ya ƙare a duniya.