Duma ko Lalle?

 Yau hirarmu a kan tsire biyu ce waɗanda kowa ya sani, duma da lalle. Ba maganar babbar gona za mu yi ba. Maganar ɗan filin nan ce na cikin gida, tsakanin ɗaki da danga, ko bayan rumbu. Filin kaɗan ne, ruwan ma kaɗan ne. To, wanne ya kamata ka ba wurin?

A nan Gangara, da sauran garuruwan Damargu daga Tanut har Belbeji, ruwa ne ke yanke hukuncin shuka. Damanarmu gajera ce, kamar wata uku. Shekaru da yawa ruwan da ke sauka a Tanut ba ya kai milimita 300. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, wasu sai da jaki ko sa ko raƙumi ake jan guga. Saboda haka kowane guga da ka zuba wa shuka, wani ya sha wuya kafin ya iso gida. Sau da yawa matarka ce ta ɗauko shi, ko ɗiyarka. Kafin ka shuka kome a gida, tambaya ta fari ita ce: wa zai shayar da shi?

Mu fara da duma. Shi ba ya roƙon guga, ruwan sama yake sha. Ka gina ɗan rami a gindin ɗaki, inda ruwan jinka ke zuba. Ka sa taki wanda ya ruɓe. In an yi ruwan shuka, ka zuba ƙwara uku ko huɗu. In sun tsiro, ka bar biyu masu ƙarfi. Daga nan shi da kansa zai nemi hanya, ya hau danga, ya hau ɗaki, ya rufe jinka da ganye. Ɗakin da duma ya rufe ya fi sanyi da rana.

Ka taɓa lura da furensa? Fari ne, kuma sai da marece yake buɗewa. Fure iri biyu ne a jikin yaɗo guda, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindinta, wannan ƙullutun shi ne zai zama ƙwarya. Ƙwarin dare ne ke ɗaukar garin fure daga namiji su kai wa mace. Wannan yana da amfani ka sani. In ka shuka irin ludayi kusa da irin ƙwarya, ƙwarin za su gauraya su. Bana ba za ka ga kome ba. Amma irin da ka ajiye, baɗi zai iya ba ka abin da ba ludayi ba, ba ƙwarya ba. Mai son iri mai kyau sai ya raba su nesa da juna.

Duma yana bukatar wata huɗu zuwa biyar kafin ya ƙosa. Ka ga ke nan ya ɗan fi damanarmu tsawo. Don haka kada ka yi jinkirin shuka. In ruwa ya ɗauke da wuri, sai ka taimake shi da ɗan ruwan wanke hatsi har ya ƙarasa. In kana son babbar ƙwarya, kada ka bar ƴaƴa da yawa, biyu ko uku sun isa wa yaɗo guda. Kada ka yanke sai maƙogwaron da ya riƙe ta ya bushe. Wadda aka yanke ɗanya, lanƙwashewa take yi ta ruɓe.

Yanzu ka ƙirga abin da duma ke ba gida. Ƙwarya ta fura da nono. Masaki na hatsi. Ƙoƙo da moɗa na shan ruwa. Ludayi. Gora na matafiyi da makiyayi. Kurtun tawada na almajiri. Shantu na mata. Ko goge da gurmi, in ba ƙwarya, ba su da ciki. Duk wannan daga ƙwara uku da ka jefa a rami.

Abu guda ka kiyaye. Dumanmu mai ɗaci ne, ɗacin nan kuwa guba ne. Kada yara su ci ɗanyensa. In an fafe sabuwar ƙwarya, a jiƙa ta, a kankare, a yi ta canza ruwa har ɗacin ya fita. Aiki ne mai cin kwanaki. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce mini, ai yanzu roba ta zo, wa ke neman ƙwarya? Gaskiya ne, roba tana da amfani, in ta faɗi ba ta fashewa. Amma da kuɗi ake sayenta, kuma ranarmu tana cinye ta har ta tsattsage. Ni na tashi na ga ƙwaryar furar kakata da ɗinki uku a jikinta. Duk sa'ad da ta tsage, gyartai ne ke ɗinke ta, ta koma bakin aiki. Har gobe matan Fulani ba su sake ƙwarya ba wajen nono. Sun san abin da suke yi.

Kuma ka sani, duma ba ƙaramin tsiro ba ne a duniya. Asalinsa nan Afirka ne, yana cikin tsire na fari da ɗan'adam ya fara amfani da su. An tono ɓawonsa a Amurka wanda ya kai wajen shekara 10,000. A shekarar 2014 masana suka binciki wannan tsohon ɓawo, suka ga danginsa na Afirka ne. Suka ce bisa ga alama ruwan teku ne ya ɗauki goruna daga nan ya kai su can, irin da ke ciki bai mutu ba. Ga darasi a nan. Iri yana daɗewa a cikin busasshen gora wanda ba a fafe ba. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san zafin rasa iri. Kowace kaka ka rataye gora guda a ɗaki, kada ka taɓa shi. Rumbun irinka ke nan.

To, mu koma ga lalle. Halinsa dabam. Duma baƙon damana ne, ya zo ya tafi. Lalle ɗan gida ne, itace ne mai shekaru. Yana iya wuce tsawon mutum. Yana son zafi, ba ya tsoron rana. Ana shuka shi da iri, ana kuma dasa reshensa. Furensa ƙanana ne masu ƙamshi. Ganyen ake tsinka, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe.

Amma lalle yana da sharaɗi. Yana ƙarami, ba zai ƙetare raninmu ba sai da ban ruwa. Sai saiwarsa ta yi zurfi sa'an nan yake jure ƙishi. Ko ya girma, in ba ya samun ruwa, zubar da ganye yake yi, ganyen kuwa shi ake nema. Ga kuma awaki, sai ka kewaye shi da ƙaya. Wanda ya dasa lalle goma a gida ba shiri, ya ɗora wa iyalinsa jan guga na wata tara.

Ashe ke nan a bar lalle? A'a. Babu amaryar da za a kai ɗaki ba a sa ta a lalle ba. Ga ƙunshin Salla, ga na suna. Gidan da ba shi da lalle, saye zai yi. Kuma ba duk abin da ke kasuwa ba ne lalle na gaskiya. Akwai wani baƙi mai kamawa nan da nan, wanda ake haɗawa da maganin rinin gashi. Wannan yana ƙona fatar wasu mata, hannu ya kumbura, ya yi ƙuraje. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa, kuma sai an yi haƙuri kafin ya kama. Wadda ta tsinko daga gidanta ta san abin da ta ƙunsa. Duniya ma ta san darajarsa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin kayan gadon ɗan'adam, bisa roƙon ƙasashen Larabawa 16.

Bari in ba ka labarin wani fure na nesa, don ka ga kowace ƙasa da nata rabo. A Amurka akwai shi a bakin rafi, cikin inuwa. Wani ɗan'uwansa yana Indiya da Koriya. Faransawa suna ce wa dangin nan balzamin. In kwanson irinsa ya nuna, da ka taɓa sai ya fashe, iri ya watse. A Koriya ƴanmata suna daka furensa da ganyensa su ƙunsa a farce, ya yi ja. Abin da ke rinin nan shi ne dai wanda ke cikin ganyen lallenmu. Amma jikin furen duk ruwa ne, sai a ƙasa mai laima yake rayuwa. Ka kawo shi Gangara cikin bazara, kafin azahar ya kwanta. Su Allah ya ba su mai son inuwa, mu ya ba mu mai son rana. In wani ya kawo maka irin fure daga birni, kada kyaun hoton ya ruɗe ka. Ka tambaya: ruwa nawa yake sha?

Yanzu ga shawarata. Duma shi ne na fari, kowace damana, a kowane gida, don ba ya cin guga. Lalle kuwa ka dasa guda ɗaya tak, ko biyu. Ka dasa shi cikin damana, don ya kama ƙasa kafin rani. Wurin da za ka sa shi kuwa shi ne inda ake alwala.

Tun da ka koyi lissafi, mu lissafa tare. Ka ce mutum 5 ne ke salla a gidanku. Ka ce kowa yana amfani da lita 1 a kowace alwala. Salla 5 ce a yini. 5 sau 5 ya ba mu 25. Lita 25 ke nan, bido guda cur, yake zuba a ƙasa kullum, rana ta shanye. Ruwan nan ba sabulu a cikinsa. An riga an ja shi, an riga an ɗauko shi. Ka yi ɗan gurbi a gindin lalle, ka sa dutse a gefe na tsugunawa, kowa ya yi alwala a nan. Lallenka zai sha ba tare da an ƙara guga ko ɗaya ba.

Ke ƴar'uwa, kin fi kowa sanin cewa tsiren nan biyu ba kishiyoyi ba ne. In kin kwaɓa lalle kin shafa a hannu, ina kike sa hannun ya kwana? Cikin zunguru. Zunguru kuwa ɗan duma ne, dogon nan wanda ya rataya a danga ya miƙe. Tun kaka da kakanni mata suka haɗa su aiki guda. Gidan da ya shuka duka biyu, ranar bikin ɗiyarsa ba ya zuwa aron kome.

In ka karanta wannan, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Ku nemi tsohuwar da har yanzu take ajiye irin duma mai kyau, ku roƙe ta ƙwara kaɗan tun ruwa bai sauka ba. Mai lalle a gida kuma ya sam ma ɗan'uwansa reshe.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Amin.