"Malam, A Ina Aka Samo Wannan?"



Ya ku 'yan uwa, duk majalisar da dattawa suka zauna, da zarar hira ta biyo ta kan yaran yanzu, kukan ɗaya ne: ba su da kunya, sun cika tambaya, waya ta ɓata su. Ban zo in wanke su ba, domin akwai abin faɗa a kansu. Sai dai shekarun da na yi ina karantar da 'yan shekara 14 zuwa 17 a Islamiyyar unguwarmu sun nuna mini wata ɗabi'a tasu wadda mu manya muke matuƙar buƙata: ba sa karɓar magana a kan addini sai sun ji tushenta.

A lokacinmu, idan babba ya ce "an ce", magana ta ƙare. Yau kuwa sai ka ji hannu ya ɗagu: "Malam, wa ya ce?" Wata ɗaliba 'yar shekara 15 ta taɓa kawo mini saƙon da gwaggonta ta tura a zauren WhatsApp na danginsu, wato wasiyyar nan da ake jingina wa wani Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Madina, wadda ke alƙawarta arziƙi ga wanda ya yaɗa ta, da bala'i ga wanda ya ƙi. Cikin ladabi ta tambaye ni: wane ne shi, yaushe ya rayu, kuma wa ya ji daga bakinsa? Wannan takarda tun muna yara ake rarraba ta a ƙofar masallatai. Sheikh Ibn Baz, wanda ya rasu a 1999, ya yi rubutu ya bayyana cewa ƙarya ce. Amma har yanzu masu furfura ne ke tura ta, yarinya kuma ita ce ta tsaya ta tambaya.

Abin da ta yi ba baƙo ba ne a Musulunci. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, daga Ibn Sirin wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa da fitina ta auku sai mutane suka fara neman a ambaci waɗanda suka ruwaito magana kafin a karɓe ta. Ashe tambayar da muke kira fitsara a bakin yaro ita ce ginshiƙin ilmin hadisi.

Na daɗe ina tunanin ƙissar Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, wadda Bukhari ya ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi. Zuciyar Abdullahi ta ba shi dabino ce, amma ya yi shiru don shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar bai yaba wa shirun ba. Cewa ya yi da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Wannan Umar ɗin ne kuma yake zaunar da Ibn Abbas, wanda bai wuce kimanin shekara 13 ba lokacin wafatin Annabi (SAW), tare da dattawan Badar. Da wasu suka nuna rashin jin daɗi, sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasr, yaron ya fahimci cewa tana nuni ne ga kusantowar ajalin Manzo. Mu Hausawa mun riƙe kunyar Abdullahi da kyau, madalla. Amsar mahaifinsa ce ba mu cika karantarwa ba.

Tabbas suna da nasu raunin. Da yawansu na ɗaukar guntun bidiyon TikTok a matsayin fatawa, kuma ba su bambance wanda ya iya magana da wanda ya san ilmi ba. A nan ne suke buƙatarmu. Amma yaron da ka daka wa tsawa don ya yi tambaya ba daina tambaya zai yi ba. Wurin wani zai kai ta, wanda ba ka sani ba, kuma ba ka san aƙidarsa ba.

Saboda haka na ware mintuna goma na ƙarshen darasi don tambayoyi, na kuma ajiye wani gwangwani da masu jin nauyi za su jefa takarda ba tare da suna ba. A cikinsa na tarar da tambayoyi kan wankan janaba, da ƙaddara, da hukuncin cacar ƙwallo ta waya, har da wanda ya rubuta cewa ya yi wata biyu ba ya sallar Asuba, yana tambaya ko Allah zai karɓi tubansa. Wannan takardar ita na fara amsawa a ranar.