Kafin Ka Ɗora Rumfa a Kan Amalanke

Ɗana, an ce mini kana shirin haɗa amalanke mai rumfa, wadda za ka riƙa kwana a cikinta in kun tafi yankan shinkafa a fadamar Kalgo. Shawara ce mai kyau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zirga-zirga tsakanin Dalijan da fadama ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Turawa ma suna da irin wannan amalanke, ɗan ɗakin katako da suke ja da mota zuwa daji. Su hutu ke kai su, mu kuwa nema.

Sai dai na ji zancenka duk a kan rumfa yake, har da fenti da taga. Bar wannan tukuna, kuɗinka ya fara zuwa ƙasa. Nemi ƙarfen ƙafafun tsohuwar mota, ka ɗaga shi, ka juya taya da hannunka. In ka ji ƙara ko ka ga tana rawa, boris ya mutu. A canza, a cika shi da giris. Tayoyin kuma su zama irin waɗanda kowane mai faci a Gwandu ko Jega zai iya samo maka madadinsu.

Katako shi ne inda ake cutar yara. Kada ka sayi ɗanye, komai arharsa. Na ga amalanken da aka haɗa da damina, sumul gwanin kyau. Hunturu na shigowa allunan suka tsuke, suka bar ɓaraka har gero na tsiyaya a hanya. Jigogin ƙasa a yi su da maɗaci ko dogonyaro busasshe, saman kuma da malaina, don ba ta da nauyi. Azarar giginya gara ba ta cin ta, gaskiya ne, amma nauyinta na ɗaki ne, ba na abin da dabba za ta ja ba. Ka shafe katakon da baƙin mai, musamman bakin da zarto ya yanka. Kuma ka ce wa kafinta noti nake so a manyan mahaɗai. Ƙusa tana zarewa a hanya mai gargada, noti kuwa ɗaure shi kawai za ka ƙara.

Abin da ya fi damuna wuyan bijimanka ne. In ƙafafun suka yi baya da yawa, nauyi zai sauka a kan karkiya ya ji musu ciwo. In suka yi gaba, sandar ja za ta ɗaga, igiya ta shaƙe su a hawa. A ajiye ƙafafun bayan tsakiya kaɗan. Ka loda buhuna, ka ɗaga sandar da hannunka kafin ka ɗaura wa dabba. Abin da ya gagare ka, kada ka ɗora wa wanda ba ya iya magana.

Rumfar kuwa ba ta da wuya: sanduna huɗu masu cirewa, zana a gefe, tamfol a sama, gidan sauro a ciki, don sauron fadama ba ya wasa. Kada ta yi tsayi, iska za ta kifar da ita. Kada kuma ka kwana da garwashi a ciki, ko sanyi ya kai ina.

Ranar da za ka sayi katakon, biyo ta gida mu tafi tare. Allah ya yi maka albarka.